Maganaɗisun Duniya Garkuwa Ce? Ina da Ja

Duk lokacin da rana ta yi aman wuta, kamar yadda ta yi a watan Mayun 2024, za ka ga hoto ɗaya yana yawo a shafukan labarai da Facebook: rana a hagu tana feshi, duniya a dama cikin wani shuɗin ƙoƙo, feshin yana bugun ƙoƙon yana zamewa gefe. A ƙarƙashi sai a rubuta maka cewa maganaɗisun duniya garkuwa ce. Wannan kalma ta "garkuwa" ita nake so mu ɗan tuhuma, domin rabin labarin kawai take bayarwa, kuma rabin da take ɓoyewa shi ne ya shafe mu.

Bari mu fara ba ta haƙƙinta. Abin da ake kira iskar rana ba irin iskar da ke kaɗa ganyen dalbejiya ba ce. Ƙananan ƙwayoyi ne masu cajin lantarki da ke kwararowa daga rana dare da rana, da gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa guda. Eugene Parker ne ya yi hasashenta a 1958. Da yake ƙwayoyin suna da caji, ba sa iya keta layukan maganaɗisu kai tsaye, sai su karkace. Inda turin iskar ya yi kunnen doki da turin maganaɗisun duniya, nan ne iyaka. Ta ɓangaren da ke fuskantar rana, iyakar tana nisan kusan kilomita 64,000 daga tsakiyar duniya, kuma yawancin iskar a nan take rabuwa ta wuce. Zuwa nan dai masu hoton sun yi gaskiya.

Amma garkuwa ba ta ja da baya. Ita kuwa wannan iyaka kullum cikin motsi take, kamar zanen da aka shanya a iska. Tana da taurin kai, don sai turin iskar ya ninka sau 64 kafin nisan ya ragu zuwa rabi, to amma a ranar 10 ga Mayun 2024 an tura ta har cikin layin da ke kilomita 36,000 sama da ƙasa, layin da taurarin ɗan'adam na sadarwa irin su NigComSat-1R suke zaune. Waɗanda ke ɓangaren rana a lokacin sai suka tsinci kansu a waje, cikin iskar tsirara.

Babban laifin hoton ma ba wannan ba ne. Iskar rana tana tafe da nata maganaɗisun, kuma hoton ba ya nuna shi ko kaɗan. A bakin iyaka, layukan duniya suna kallon arewa. In na iskar ma arewa suke kallo, yawanci lafiya lau. In kuwa suka juya kudu, sai layukan biyu su tsinke su sake ƙulluwa da juna, na duniya ya haɗe da na rana. Ƙofa ta buɗu ke nan, ƙarfin iskar ya samu hanyar shiga. James Dungey ya bayyana haka tun 1961, kuma taurarin bincike huɗu na MMS da hukumar NASA ta harba a 2015 sun shiga daidai wurin ƙulluwar sun auna ta.

Ka ga ke nan tambayar ba ta tsaya kan gudun iskar kawai ba. Iska mai gudu da ke kallon arewa tana iya wucewa ba wani abin a zo a gani, wadda ba ta kai ta ba kuma ta yi ɓarna don kawai ta daɗe tana kallon kudu. Sannan ba a tabbatar da inda ta fuskanta sai ta iso taurarin da ke gadi a nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, abin da ke ba da gargaɗin da bai fi sa'a guda ba. Wanda aka koya wa "garkuwa" ba zai gane dalilin da ya sa masana ke cewa "mai yiwuwa" ba, sai ya ɗauka kame-kame suke yi.

Sai ɓangaren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Labarin kullum yana ƙarewa da hasken nan mai launi da ake gani a sararin Kanada da Norway, sai mai karatu a Bomo ko Samaru ya ce wannan matsalar Turawa ce. Alhali layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, arewa da kudu, ta cikin Najeriya ya ratsa, ba nisa da Zariya. A saman wannan layi, kimanin kilomita 100 daga ƙasa, akwai wani kogin lantarki da ke gudana zuwa gabas da rana tsaka. Hasken rana da iskar sama ne ke tafiyar da shi a kullum, amma idan aka daki iyakar can waje, ko ƙofar ta buɗu, cikin mintuna yake amsawa, kuma na'urorin awon maganaɗisu da ke ƙarƙashinsa sukan nuna girgizar fiye da na wuraren da ke gefe. Wannan kogi na cikin abin da Rosemary Hutton ta yi bincike a kai, wadda ta koyar da fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1963 zuwa 1968.

Idan wannan sashe na sama ya rikice, saƙon GPS da ke ratsa shi yakan yi rawa, rediyon gajeren zango ya dusashe. Mai awon fili abin ya shafe shi, haka ɗalibin tuƙin jirgi a kwalejin da ke Palladan.

Kada dai a wuce gona da iri. Guguwar rana ba ita ke kawo zafin bazara ba, kuma ba duk ɗauke wuta za a ɗora mata ba. An san ta taɓa jefa lardin Quebec na Kanada cikin duhu na sa'o'i tara a ranar 13 ga Maris 1989, amma kafin a ce ta yi haka a nan, sai an kawo awo. In za a sake zana hoton, a sa wa iskar kibiya mai nuna kudu ko arewa, a bar kafa a jikin ƙoƙon, a kuma ja layi ta kan Najeriya.