Tsofaffin Mujallun Zane na Suwidin: Tsakanin Farashi da Daraja

Idan aka tono damin mujallun labarin zane a rufin wani tsohon gida a Suwidin, abin da ake fara tambaya shi ne: nawa za su yi? 'Yan kasuwa sun fi ɗaukaka fitowar farko, musamman ta Kalle Anka & C:o ta 1948 da Fantomen ta 1950, kuma sharaɗinsu shi ne kwafin ya zama kamar hannu bai taɓa shi ba.

A nan ne ma'auninsu ya gaza. Kwafin da yaro ya rubuta sunansa a bango, ya karanta har ya yamutse, shi ne shaidar da manazarci ke nema, domin a 1954 likita Nils Bejerot ya wallafa littafi yana zargin irin waɗannan mujallu da ɓata tarbiyya. Wato yamutsewar tana nuna yara ba su fasa karantawa ba.

Takardar kuwa mai araha ce, tana ja da kanta, ƙarfen ɗinkin yana tsatsa. Laima da zafin rufi su ne ajalinta. A shimfiɗe ta a inuwa, wuri busasshe, kada a liƙa mata salatif.