Zahiri da Baɗini: Nazari a kan Al'adar Sanya Kwamfuta cikin Akwatin Tsohon Rediyo

Daga cikin sana'o'in hannu waɗanda zamanin nan ya haifar a Amurka da ƙasashen Turai akwai wata wadda na daɗe ina dubanta da idon sha'awa gauraye da fargaba, wato mutum ya nemo tsohon akwatin rediyo na katako, ko na'urar awon lantarki irin ta injiniyoyin da, ko amfilifaya wadda ta shekara hamsin a ɗakin ajiya, ya kwashe kayan cikinta, ya share, ya goge, sa'an nan ya shirya sabuwar kwamfuta a gurbinsu, ta yadda baƙon da ya shigo ɗaki zai ɗauka kayan gado ne aka ajiye don tunawa da kakanni, alhali kuwa a cikinsa ne mai gidan yake rubutunsa da lissafinsa.

Al'adar tana da asali, domin kwamfutar gida ba a cikin riga aka haife ta ba. Lokacin da Steve Wozniak da Steve Jobs suka fitar da Apple I a 1976 a kan dala 666.66, allo ne tsirara suka sayar, kuma wajibin mai saye ne ya nemo masa mazauni. Shi ya sa waɗansu daga cikin waɗanda suka saura har yau suke zaune a akwatunan katako. Daga baya ne, bayan IBM ta fito da kwamfutarta a 1981, akwatin ƙarfe mai launin ƙasa-ƙasa ya mamaye ofisoshin duniya, har mutane suka manta cewa ana iya yin wani abu dabam. Ƙa'idar ATX da kamfanin Intel ya shimfiɗa a 1995 ta tsayar da girman babban allo a kan milimita 305 da 244, wanda ya fi ƙarfin cikin mafi yawan rediyon tebur. Ƙofa ba ta buɗe sosai ba sai da kamfanin VIA na Taiwan ya kawo Mini-ITX a ƙarshen 2001, allon da bai wuce santimita 17 a kowane gefe ba, sa'an nan Raspberry Pi ta biyo baya a 2012 da girman da bai fi tafin hannu ba. Tun daga nan duk wani abu mai rami a ciki ya zama abin gwaji ga masu wannan sha'awa.

Amma dalilin da ya sa zukatansu suka fi karkata ga rediyo ba ɓoyayye ba ne. Rediyon shekarun 1930 da 1940 kafinta ne ya yi masa jiki kafin injiniya ya sa masa murya, saboda a matsayin kayan ɗaki aka ƙera shi, don ya zauna kusa da kujerun alfarma ba tare da ya kunyata uwargida ba. Wanda ya taɓa ganin Philco 90 na 1931, mai baka a sama kamar ƙofar majami'a, da sassaƙar da aka yi a gaban lasifikarsa, zai gane abin da nake nufi. Haka nan akwatunan Bakelite, robar farko ta haɗin ɗan Adam wadda Leo Baekeland ya samar a 1907, masu nauyi a hannu da ƙyalli mai zurfi. Mu ma nan mun san darajar wannan akwati, domin tun da sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957 rediyo ya sami gurbi a zaure da ɗakin mai gida, ana yi masa riga ta yadi saboda ƙura, yaro kuwa ba ya taɓa shi sai da izini. Abin da aka girmama haka ba ya zama tarkace a zuciyar mutum don kawai muryarsa ta ɗauke.

Sai dai kyan fuska ba ya ɗauke wahalar aiki, kuma a nan ne ake bambanta gwani da mai gaggawa. Babbar mas'ala ita ce zafi. Ƙaramin rediyon Amurka mai bawul biyar wajen wat 30 yake ci, kuma 'yan ramukan da ke jikin kwalin bayansa sun ishe shi shan iska, domin bawul halitta ce da ba ta aiki sai da zafi. Amma kwamfuta maƙiyiyar zafi ce, kuma katin hoto guda irin RTX 4090 yana iya jan wat 450 shi kaɗai, wanda in aka kulle shi a cikin busasshen katako mai shekara tamanin, ko dai na'urar ta rage gudunta don ceton kanta, ko mannin katakon ya saki, fallen adon da ke samansa ya ɗago. Saboda haka masu hankali a cikinsu suke zaɓar kayan ciki masu ƙarancin cin wuta, su sa fanka a bayan yadin lasifika inda iska take da hanya tun asali, su bar mafita a sama tun da iska mai zafi hawa take yi, maimakon su ɗauki zarto su yanka sabuwar taga a gefen da kafintan farko ya bari a rufe.

Mas'ala ta biyu ba a ganinta da ido. Akwatin ƙarfe na kwamfuta, duk da muninsa, garkuwa ne da yake tsare hayaniyar lantarkin da ke cikinta kada ta fita ta dami maƙwabta, katako kuwa ba ya tsare komai. Tarihi ya riga ya ba da darasi a kan wannan: kwamfutar TRS-80 ta farko, wadda Radio Shack ya sayar tun 1977, tana fitar da hayaniyar da rediyon da aka ajiye kusa da ita yake kamawa, har waɗansu masu rubuta wasanni suka mai da hakan hanyar ba wasa sauti, kuma tsaurara doka da hukumar sadarwa ta Amurka ta yi yana cikin abin da ya sa aka daina ƙera ta a 1981. Abin takaici ne a ce akwatin da aka gina don karɓar murya daga nesa ya koma mai toshe muryar a rediyon maƙwabci, don haka wanda ya san haƙƙin maƙwabtaka yakan shimfiɗa siririn fallen tagulla ko alminiyam a bangon ciki, ya haɗa shi da wayar ƙasa.

Haɗari ga ran mai aikin shi ma ba abin rainawa ba ne. Kafasita na iya riƙe wuta bayan an zare waya daga bango. Da yawa daga ƙananan rediyon Amurka ba su da taransifoma, ƙarfen gindinsu yana iya haɗuwa kai tsaye da wutar gida. A waɗansu akwai fallen asbestos da aka manna don tsare katako daga zafi, wanda ƙurarsa cuta ce ga huhu, ga kuma dalma a kowane mahaɗin waya. Wanda bai taɓa zama a gaban mai gyaran rediyo ya koya ba, bai kamata ya fara da kunna abin da ya tsinto ba.

To, idan an tsallake waɗannan duka, da me za a auna kyan aikin? A ganina ma'auni guda ne, shi ne zahirin akwatin ya yi gaskiya game da baɗininsa. Injiniyoyin da ba su sa mamurɗi ko allura ko fitila don ado kaɗai ba. Kowane ɗaya yana da hidimar da yake yi, kuma daga wannan hidima ne kwarjinin fuskar ya samo asali. Idan sabon mai aiki ya manne mamurɗan da gam suka zama gumaka, ya bar allurar tasha a tsaye ba ta nuna komai, ya huda gefe ya jera fitilu masu canza launi, to ya riƙe sura ya zubar da ma'ana, kuma abin da ya samu gawa ce da aka yi wa kwalliya. Amma idan mamurɗin kunnawa shi ne yake tayar da kwamfutar da wannan ƙarar tasa ta asali, na ƙara murya yana ƙara murya, allurar awon sauti, wadda aka tsayar da ƙa'idarta a Amurka tun 1939, an haɗa ta da ɗan ƙaramin allo irin Arduino tana hawa tana sauka gwargwadon nauyin aikin da na'urar take ɗauke da shi, koren idon nan na bawul da ake gane daidaituwar tasha da shi an ba shi wutarsa ta wajen bolt 250 yana lumshewa yana buɗewa da wani dalili, to a nan an yi wa tsohon maƙeri adalci, domin hannun da ya taɓa akwatin yana samun amsa kamar yadda ya nufa.

Saura mas'alar da ta fi kowace zafi, wadda ta raba masu wannan sana'a da masu tara tsofaffin rediyo suna gyara su. Waɗannan na biyu suna cewa duk akwatin da aka fafe shaida ce ta tarihi aka hallaka, kuma ba a ƙera wani a madadinsa. Na farko suna amsawa da cewa abin da suka ɗauka juji ya nufa, su ne ma suka cece shi. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma hukuncin yana bin halin abin da ke hannu. Rediyon da aka buga dubbai ɗaruruwa irinsa, wanda tsatsa ta cinye gindinsa, taransifomarsa ta ƙone, ɓera ya yi sheƙa a ciki, ban ga laifi ga wanda ya ba akwatinsa sabuwar rayuwa ba, har ina ganin ya fi wanda ya bar shi ya ruɓe. Amma na'urar da take da rai, ko wadda gyaran yini biyu zai tashe ta, ko wadda irinta ta yi ƙaranci a duniya, fafe ta israfi ne tsantsa, kuma mallakar da mutum ya yi mata da kuɗinsa ba ta kankare cewa amana ce ta ratso hannuwa da yawa kafin ta iso nasa.

Akwai kuma hanyar da ta fita daga saɓanin gaba ɗaya, ita ce wadda Ba'amurken nan Jeffrey Stephenson ya shahara da ita: maimakon ya fasa tsohon abu, sai ya nazarci siffarsa ya gina sabo da katako da hannunsa, kamar kwamfutarsa Ingraham da ya kwaikwayo daga wani rediyon Stromberg-Carlson na 1946, da Unidyne wadda ya ɗauko surarta daga makirufon Shure 55. Wannan ita ce hanyar almajiri mai kwafar littafin malaminsa, asali yana nan lafiya, ga kuma kwafi ya shiga hannun jama'a, kuma ita na fi so, ko da yake tana bukatar haƙurin da ba kowa Allah ya ba ba.

Wanda kuwa ya riga ya ƙudurta yin aiki da tsohon akwati na ainihi, abin da nake roƙonsa shi ne ya yi aikin da za a iya warwarewa: ya ɗora sabon allon a kan faranti nasa dabam, ya ɗaure shi ta ramukan sukurun da ya tarar, ya ciro tsohon gindin ɗungurungum da bawul ɗinsa ya ajiye ko ya miƙa wa mai gyara da yake neman kayan maye. Sau da yawa kuma zai tarar da wata 'yar takarda da ta yi ja manne a bangon ciki ko a ƙasan akwatin, mai ɗauke da lambar samfuri da zanen mazaunin kowane bawul; ya yanke fallen tagullarsa ya kewaye ta, ya bar ta a inda ma'aikacin masana'anta ya manna ta.