Littafin Matuƙin Da Ya Ƙone

'Yan makaranta, musamman ku na Talata Mafara da Bakura da Maradun, kun tashi a ƙasar da ba a yi mata gorin kirari. Daga nan Musa Ɗanƙwairo ya fito, daga nan Sa'idu Faru ya fito. In makaɗin fada ya ɗauko zancen jarumi, sai ka ji doki da takobi da gudun abokan gaba, amma ba ka jin inda ya ce jarumin ya kwana yana nishi. Ba laifinsa ba ne, gama ba don wannan aka ba shi riga ba. To, yau ga wani littafi da ya soma daidai inda makaɗi ya kan yi shiru.

Sunan littafin The Last Enemy, watau abokin gaba na ƙarshe, mutuwa ke nan. An buga shi cikin 1942. Mai shi, Richard Hillary, an haife shi a Ostireliya cikin 1919, ya yi karatu a Ingila, yana jami'a yaƙin Hitila ya tashi, ya zama matuƙin ƙaramin jirgin yaƙi da a ke kira Spitfire. Cikin 1940, sa'ad da Jamus suka yi ta kai wa Ingila hari ta sama, mayaƙan sama kusan 3,000 suka tare su, 544 daga ciki suka halaka.

Ran 3 ga Satumba 1940 aka harbo shi bisa teku. Ku lura da yadda aka ƙera jirgin nan: tankin mai yana gaban matuƙi, saboda haka in harsashi ya huda shi, iska sai ta koro wutar zuwa fuska da hannuwa. Murfin da ke bisa kansa kuwa ya cije, tun da safe ya san yana gardama. Da kyar ya fita, ya sauko da laima cikin ruwa, ya yi sa'o'i yana yawo kafin jirgin ceto ya tsamo shi. Ya faɗa da bakinsa cewa ya saki iskar rigar da ke riƙe shi bisa ruwa don ya nutse ya huta, laimar ta hana. Wane makaɗi ne zai sa wannan cikin waƙa?

Inda littafin ya fi ƙarfi, a ganina, asibiti ne. Wani likita, Archibald McIndoe, ya yanko fata daga dantsensa ya yi masa sabon fatar ido, domin nasa sun ƙone har ba ya iya rufe su, daga baya ya yi masa leɓe. Hillary ya ba da labarin duk wannan ba da kuka ba, ba kuma da neman a ce masa sannu ba. Har ba'a ya ke yi wa kansa. Bai ɓoye cewa shi yaro ne mai girman kai ba, wanda ya shiga yaƙi don ya gwada kansa, ba don kishin kowa ba. Abokansa kuwa suna ta faɗuwa ɗaya ɗaya, cikinsu har da Peter Pease, wanda ya fi ganin girmansa. In kuna son ku koyi yadda a ke rubuta abu mai ciwo da kalmomi kaɗan, ku karanta wannan wuri sau biyu.

Amma fa ƙarshen bai gamshe ni ba. Ya ce wata rana an jefa bom a London, ya taimaka aka tono wata mace daga cikin kango, ɗanta ya riga ya mutu, ta dubi fuskarsa ta gane shi ma wuta ta taɓa shi, nan take zuciyarsa ta juya ya soma jin tausayin 'yan Adam. Masu binciken rayuwarsa sun nuna cewa ƙaga wannan ya yi. Ko ba su faɗa ba, kunne ya kan ji, domin muryar ta sake, ta koma ta mai wa'azi. Mutumin da aka ɗinka wa ido ba ya bukatar aron masifar wani.

Abin da ya biyo baya ba ya cikin littafin. An kai shi Amurka cikin 1941 don ya yi wa jama'a jawabi, sai hukuma ta ga fuskarsa za ta tsorata iyaye, aka tsai da shi ga rediyo. Ya komo ya nace sai an mai da shi sama, alhali hannuwansa ba su warke sosai ba. Ran 8 ga Janairu 1943, yana koyon tuƙin dare a Sikotilan, jirgin ya faɗi, ya mutu tare da abokin tafiyarsa. Shekararsa 23.

Kada ku ce wannan zancen Turawa ne kaɗai. A yaƙin nan ta Kano aka riƙa bi da jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar. Kuma ran 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙin Nijeriya a ƙasar Zamfara. Matuƙin, Abayomi Dairo, ya yi tsalle da laima, ya ɓuya, ya bi duhun dare yana duba hanya da wayarsa, har ya isa wurin soja. Sanarwar hukuma ta yaba masa, ya kuwa cancanta. Sai dai sanarwa ƙanwar kirari ce: ta faɗi ya tsira, ba ta faɗi abin da ya ji a cikinsa sa'ad da ya ke sauka a dajin mutanen da ya fito yaƙa ba.