Tarihin Sarakuna da Karofin Kura

Littafin nan na Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1908, ba abin rainawa ba ne. Ya jera sarakuna tun daga Bagauda har Muhammadu Bello, da yaƙoƙinsu da shekarun sarautarsu. Aibinsa guda: talakan da guminsa ya ɗauki sarautar ba a ba shi wuri ba.

A dubi Kura da Bunkure. Cikin ƙarni na 19 rini ya ɗaukaka su, har rawani ɗan Kura ya zama abin taƙamar Buzaye a Azbin. Barth ma, da ya zo Kano a 1851, ya shaida tufa ce arzikin ƙasar. To, marinan nan ba su bar takarda ba, sai karofi, watau ramuka shafe da laso, da tarin katsi da toka. Wanda ya ƙidaya ramukan, ya auna zurfinsu, ya tone jujin gefensu, zai gane yawan ma'aikata da irin cimarsu. Haka aka tone tsohuwar unguwar matalauta a Sidni ta Ostareliya a 1994.

Philip Shea ya kyauta, da ya bi tsofaffin marina ya rubuta labarinsu a 1975. Amma fa baki yana mantuwa, ƙasa kuwa tana sakewa. Tun da ruwan Tiga ya iso Kadawa aka baje filaye domin shinkafa da tumatir, tsohon karofin da ba a auna ba kuwa, ran da garma ta bi ta kansa ya zama kwamin albasa.