Kunnen da Ke Gano Ciwon Amfilifaya

Masu kawo aiki shagon gyaran rediyo ba kasafai suke sanin sunan abin da ya lalace ba, sai dai su kwaikwayi kukan da na'urar take yi. "Baba, muryar ce ta dishe, sannan sai ta riƙa ƙaras-ƙaras kamar an watsa gishiri a wuta." Haka na ji wani matashi mai kaɗa jita yana faɗa wa wani dattijo, a wani ɗan shago da ke kusa da Court Road a Gyadi-Gyadi, bayan sun sauke wani baƙin akwati daga A Daidaita Sahu, shi da abokinsa suna nishi. Amfilifayar jita ce ta gwanjo, irin mai bawul. An riga an ce masa ya sayi sababbin bawul gaba ɗaya, ya ji farashi, jikinsa ya yi sanyi.

Irin wannan amfilifaya ba ta da yawa a Kano. Ta masallatanmu, da ta gidan biki, da ta masu tallan magani a mota, kusan duk masu taransisto ne. Ɗakunan haɗa waƙa na Titin Gidan Zoo kuwa fiyano da kwamfuta ne suka riƙe su. Mai bawul sai jefi-jefi, galibi a hannun yaran da kiɗan Agadas ya shiga ransu, masu sauraron Bombino da Mdou Moctar, suna neman amon nan mai kauri da ɗumi. Wanda zai gyara ta ya fi ta wuyar samu, domin sai dattawan da suka koyi sana'a a kan tsofaffin rediyoyin Philips da Grundig, waɗanda ake kunnawa a jira su yi zafi kafin su yi magana. Da tsohuwar zuma ake magani.

Bawul ɗin nan wata 'yar kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta. A tsakiya akwai zaren da ke ɗaukar bolt 6.3, ya yi ja kamar garwashi, ya gasa wani ɗan bututu har ya fara fitar da ƙwayoyin lantarki. A kewaye akwai faranti mai ɗauke da ɗaruruwan bolt yana janyo su. Tsakanin su biyun sai wata raga, mai aikin mai gadin ƙofa: ɗan motsin da ke zuwa daga jita, wanda bai kai bolt ɗaya ba, shi ke sa ragar ta buɗe ko ta tsuke, sai ƙaramin motsi ya juya babbar wuta. Wani Bature ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙera bawul na farko a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa ragar a 1906. Taransisto ya fito a 1947, ya kori bawul daga rediyo da talabijin, amma makaɗan jita suka ƙi sakin sa. Har yau akwatunan Fender da Marshall da Vox suna amfani da ƙananan bawul masu lamba 12AX7 a gaba, da manya irin 6L6, wanda kamfanin RCA ya fitar tun 1936, ko EL34, a baya. Masana'antun da suka rage suna yin su 'yan kaɗan ne, a Sulobakiya da Rasha da Sin, shi ya sa da yaƙin Yukuren ya ɓarke a 2022 suka yi ƙaranci, farashinsu ya tashi a duniya. Kun ga dalilin sanyin jikin matashin nan.

Abin da ya fara burge ni shi ne dattijon bai ɗauki sukundireba ba. Mita ya ɗauka, ya auna wutar soket ɗin shagonsa. Waɗannan akwatuna ba su da abin da ke daidaita musu wuta a ciki. Idan ta bango ta sauko ƙasa da 230 sosai, zaren bawul ba ya yin zafi yadda ya kamata, wutar faranti ta ragu, murya ta yi laushi, alhali lafiyar akwatin lau. Ya tambayi matashin ko da janareta yake kunna ta, da kuma wace irin taransifoma yake sa mata, tunda kayan Amurka na bolt 120 ne, ƙaramar taransifomar rage wuta kuwa shaƙe su take yi. Daga nan ya canza wayar jita da tasa, ya girgiza ta a bakin rami yana saurare. Ya duba wayoyin sifika biyu ko suna daram. Sai da ya wanke duk waɗanda ke wajen gida daga zargi, sannan ya waiwayi na ciki.

A nan ne ainihin gwanintar take, kuma ita ce ta sa na zauna har la'asar. Murya a cikin amfilifaya hanya ɗaya take bi, kamar ruwa a kwata: daga ramin jita zuwa ƙaramin bawul na farko, zuwa maɓallan murɗawa, zuwa bawul mai raba ta gida biyu, zuwa manyan bawul, zuwa taransifomar fita, zuwa sifika. Gwani ba ya tone kwatar duka. Yana tsayawa a tsakiya ne ya tambaya: toshewar tana gabana ko tana bayana? Dattijon ya cire jita, ya kunna, ya bar ta ta ɗumama. Ƙaras-ƙaras ya taso. Ya murɗe maɓallin ƙara har ƙasa, ƙarar ba ta daina ba. Da ta daina, da laifin yana gaban maɓallin. Tunda ba ta daina ba, yana bayansa. Da murɗa ɗaya ya kore rabin akwatin daga bincike. Ya kashe, ya sa tsumma ya zare bawul mai raba murya, ya sake kunnawa. Shiru. Ke nan manyan bawul masu tsadar nan, waɗanda aka ce a zubar, ba su da hannu a wannan hayaniya. Ya kalli matashin ya ce, "Ɗana, kuɗinka sun fara dawowa aljihu."

Ba raina aikin yaranmu na kasuwar Farm Centre nake yi ba. Wanda zai ɗaga abu kamar ƙwayar gero daga allon waya ya mayar da shi, hannunsa abin girmamawa ne. Sai dai wayar zamani tana tura mai gyara ga canza sashe sukutum, a cire wannan a sa wancan har a dace. Tsohon akwatin nan yana ba da damar tunani, yana kuma tona asirin mai caccanka: kowane ɓangare yana fili, kowane yana da ƙimar da za a auna, kowane ciwo yana da irin kukansa.

Kukan kuwa dattijon ya san shi daki-daki. Gurnani mai kauri da ba ya yankewa, yawanci manyan kafasito masu tace wuta ne suka bushe. Idan aka ƙwanƙwasa bawul ya amsa da ƙara kamar an daki kofin gilas, har ya kai ga fito, kayan cikinsa ne suka saki. Ƙarar da ke zuwa kawai lokacin murɗa maɓalli, ƙura ce ta shiga, kuma wanda ya ga abin da hunturu ke yi wa kan tebur cikin yini ɗaya a garin nan ba zai yi mamaki ba. Amma idan an wanke maɓallin da maganin fesawa ya ci gaba da ƙaiƙayi, to ba ƙura ba ce, wani ƙaramin kafasito ne a gabansa yake yoyon wutar da ya kamata ya tare. Wannan bambanci shi ke raba mai gyara da mai fesa magani. Akwai kuma abin da ido ke gani: tabon azurfa da ke kan kwalbar, idan ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ya mutu. Idan farantin babban bawul ya yi jawur, ba zaren kaɗai ba, a kashe nan take, yana shan wuta fiye da ƙima.

Kafin ya zaro ƙashin akwatin, sai na ga yanayinsa ya canza. Ya cire zoben azurfarsa da agogo ya ajiye, ya tabbatar silifas ɗin roba na ƙafarsa, ya ce wa yaron shagonsa ya matsa baya. Manyan kafasiton nan suna iya riƙe sama da bolt 400 bayan an zare filogi, wuta ce da ke kashe mutum. Ya ɗauko wata waya mai razisto a tsakiya, ya tsiyaye wutar a hankali zuwa jikin ƙarfen, ya auna da mita, ya ga ta sauka, sannan ya sa hannu. In zai auna tana kunne, hannu ɗaya yake sawa, ɗayan yana bayansa, don kada wuta ta bi ta ƙirji daga hannu zuwa hannu. Duk mai karanta wannan da ke da irin akwatin nan, ya tsaya a canza waya da goge rami. Buɗe ciki ba tare da koyo ba, karambanin akuya ne, gai da kura.

Kayan bincikensa mafi daraja bai kai naira goma ba: tsinken tsire ne, dogo, busasshe. Busasshen itace ba ya ɗaukar wutar lantarki. Akwatin na kunne, ya riƙa bin sassan yana ɗan dungurinsu ɗaya bayan ɗaya, kansa a karkace, idonsa rabi a rufe, kamar mai sayen tukunya yana ƙwanƙwasa ta ya ji ko da tsaga. Ya taɓa ƙafafun soket, ya taɓa ɗaurin dalma, domin zafi da sanyi na shekaru da girgizar hanya suna sa dalma ta yi zobe a kewayen ƙafa, tsagar da sai an kawo fitila kusa ake gani. Ana cikin haka tsinken ya sauka a kan wani ɗan razisto mai ruwan ƙasa, sifika ta yi tas! Ya sake taɓawa, ta sake. Razisto ne na farantin ƙaramin bawul, mai om dubu 100, irin na da da ake yi da garin gawayi. Irinsu suna shan laima lokacin damina, su gasu lokacin bazara, cikinsu ya tsattsage, sai wutar da ke ratsawa ta riƙa tsalle, a ji kamar ana suyar ƙosai. Ya kashe, ya sake tsiyaye wuta, ya cire shi ya auna, ƙimarsa ta gudu nesa da abin da launukan jikinsa suka ce. Ya sa sabo. Tartsatsi ya tafi.

Sauran dishewar murya. Mai gaggawa da ya ɗauka ciwo ɗaya ne, ya ɗaure akwati ya karɓi kuɗi. Dattijon ya sa aka kaɗa jita, ya girgiza kai, ya ce wannan girman akwati bai kamata a iya hira a gabansa ba. Abubuwan da ke rage ƙarfi ya san su a jere, daga mai araha zuwa mai tsada. Akwai ƙaramin kafasiton da ke gindin bawul, wanda in ya bushe ƙarfin matakin yakan ragu da kusan rabi. Akwai raziston kariya na manyan bawul, mai om 470 a yawancin akwatunan Fender, wanda in ya ƙone sai bawul ɗaya ya kwanta, ɗayan ya riƙa jan kaya shi kaɗai, murya ta fito ƙarama kuma a yage. Akwai tsufan manyan bawul ɗin kansu, masu gajiya sannu a hankali. Can ƙarshe akwai taransifomar fita, wadda ba ya son ya zarga sai ya rasa kowa. Amma kafin duk waɗannan sai ya juya akwatin, ya nuna ramuka biyu a baya, ɗaya na fitar murya zuwa wasu na'urori, ɗaya na dawowarta. In ba a sa komai a ciki ba, wani ɗan harshen ƙarfe ne ke haɗa hanyar, kuma duk muryar ta kansa take bi. Ya tambayi matashin ko ya taɓa amfani da su. Ya ce ko sau ɗaya. Dattijon ya ɗauko guntuwar waya ya haɗa ramin fita da na dawowa, ya ce, "Kaɗa."

Sai da mai shayin da ke tsallaken layi ya ɗago kai. Tsatsa da ƙura ne suka kwanta a kan harshen nan, shekara da shekaru ba abin da ya goge shi. Ya fesa magani a jikin filogi, ya zura ya zare sau da yawa, ya cire guntuwar wayar, murya ta tsaya da ƙafarta.

Bai sallame shi nan take ba. Ya zare kowane bawul, ya goge ƙafafunsa, ya ɗan matse bakin soket ɗin da suka saki. Ya auna wutar da manyan ke sha, ya ga suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ya bar akwatin a kunne kusan awa guda, domin akwai ciwon da ba ya fitowa sai jiki ya yi zafi, yana aikin wata rediyo amma kunnensa na nan. Da zai miƙa, ya yi wa matashin gargaɗi huɗu: kada ya kuskura ya kunna ta ba sifika a haɗe, domin ta haka ake ƙona taransifomar fita, ya ba ta minti ɗaya ta ɗumama kafin kiɗa, ya bar ta ta huce kafin a ɗauka, ya sa tela ya ɗinka mata riga kafin hunturu.

Matashin ya tambayi kuɗin aiki yana ɗan ɗari-ɗari. Dattijon ya faɗi na razisto ɗaya da ladan hannu, ya sa tsohon raziston a 'yar leda ya ba shi ya tafi da shi. An kira sallar la'asar a masallacin layin, ya mayar da zobensa, ya ce wa yaron shagon ya ajiye tsinken tsiren nan a inda ya saba, kada a share da shi.