Gini a Matsayin Tauraro: Tsokaci a Kan "Gidan Bakin Kogi" na Yuri Trifonov

Manazarta adabi sun saba, idan suka zo fiɗar ƙagaggen labari, su ware wurin da labari ya auku a gefe guda, taurari kuma a ɗaya gefen. Wannan ɗan tsokaci zai duba wani littafi da irin wannan rabo bai yi masa daidai ba, wato wanda marubucin Rasha, Yuri Trifonov, ya fitar a 1976, wanda za a iya fassara sunansa da "Gidan Bakin Kogi". A ganinmu, ginin da aka raɗa wa littafin sunansa shi ne babban tauraro, mutanen ciki kuwa kewaya shi kawai suke yi.

Ginin na gaske ne, yana nan har yau a kan wani tsibiri a tsakiyar birnin Masko, yana hangen fadar Kremlin daga tsallaken kogi. Boris Iofan ne ya zana shi, aka kammala shi a 1931, ana kiransa Gidan Gwamnati. Ƙato ne, ruwan toka, babu ado a jikinsa, da sassan zama 505, an tanade shi don manyan jami'an Jam'iyyar Kwaminis da hafsoshin soja da iyalansu. A cikinsa akwai sinima da dandalin wasan kwaikwayo da kanti da gidan waya da wurin wanki da wurin renon yara da ɗakin cin abinci na bai ɗaya. Da gangan aka ƙuntata madafa a yawancin sassan, domin a aƙidar gurguzu ta wancan zamani ba a so iyali ya keɓe da tukunyarsa. Hatta gadaje da kujeru na hukuma ne, kowanne da lambarsa. Amma fa a daidai lokacin da talakan Masko ke cunkushe da iyalinsa a ɗaki guda, yana tarayya da maƙwabta a murhu, wannan gida yana da ruwan zafi da tarho. Ginin da aka yi da sunan rushe bambancin aji sai ya zama shi ne alamar bambancin.

Da Stalin ya shiga kakkaɓe abokan tafiyarsa a 1937 da 1938, wannan gida ya ɗanɗana kuɗarsa. Masanin tarihi Yuri Slezkine, a littafinsa na 2017, ya nuna cewa kusan mutum 800 aka fitar daga gidan, fiye da 300 daga cikinsu harbe su aka yi. Mahaifin Trifonov yana cikin waɗanda aka harbe a 1938, mahaifiyarsa kuma aka kai ta sansanin gwale-gwale, shi da sauran iyali aka tashe su a 1939.

To, wanda ya san wannan zai zaci marubucin zai ba da labarin daga cikin gida, da muryar wanda aka zalunta. Bai yi haka ba, kuma nan gwanintarsa take. Sai ya ɗora yawancin labarin a kan Gilebob, yaron da ke zaune a wani ruɓaɓɓen gida a inuwar ƙaton ginin, wanda ke shiga wurin abokan karatunsa yana ƙiyasta faɗin falo da tsayin rufi, hassada tana cinsa. Wannan hassada ita ce jigo. Ita ta kai shi neman Soniya, 'yar Farfesa Ganchuk, har mai karatu ya kasa rabewa ko yarinyar yake so ko sashen ubanta. Da hukumar makaranta ta juya wa farfesan baya, aka nemi Gilebob ya tashi a taro ya bayyana matsayinsa, sai rasuwar kakarsa ta ba shi uzurin ƙin zuwa. Bai kare malaminsa ba, ya kuma ci gaba da hawa matakan ɗaukaka.

Wasu za su zargi Trifonov da yin shiru game da kamen 1937, domin a littafin mutane ɓacewa kawai suke yi, wasu su maye sassansu. Gaskiya ne takunkumin hukuma a zamanin Brezhnev bai bar shi ya faɗi abin ƙarara ba. Sai dai mu muna ganin ya mayar da takunkumin salo: shirun da ke cikin littafin irin shirun mazauna gidan ne, waɗanda ke jin motsin lif da tsakar dare su yi kamar ba su ji ba. Inda muke da ƙorafi shi ne wajen Soniya. An bar ta ba nauyi, sai haƙuri da tausayi, kamar ita ma tana cikin kayan ɗakin nan masu lamba, alhali ita ce ta fi kowa cutuwa da ha'incin Gilebob.

Littafin ya yi tasirin da har ya sauya wa ginin suna a bakin jama'a. Mutanen Masko suka bar cewa Gidan Gwamnati, suka koma Gidan Bakin Kogi, kuma da wannan suna ake kiran ɗan gidan tarihin da aka buɗe a ƙasan ginin a 1989.