Jackie Coogan da Wasan da Ba a Yi da Baki

Wasu masu sharhin fim suna cewa yaro ba ya wasa, darakta ne ke juya shi, nasa kawai kyan fuska da hawaye. Ban yarda ba, kuma hujjata ita ce The Kid na 1921, daga zamanin finafinai marasa magana da yau aka yi watsi da su.

An haifi Jackie Coogan a Los Angeles a 1914. A dandamalin wasa Charlie Chaplin ya gan shi ya saka shi a The Kid, yana da shekara shida fim ɗin ya fito.

A duba wurin fasa tagogi. Yaron ne ke jifa, Chaplin ya biyo baya da gilashi a goye yana neman aikin gyara. Coogan ya ja hannu baya zai sake jifa, sai hannun ya taɓa ɗan sanda. Bai zabura ba. Ya waiwaya, ya shiga cilla dutsen sama yana cafewa kamar mai wasan banza, ya yar, ya ɗan taka a hankali, sannan ya ranta a na kare. Tsoro da dabara da ƙarya duk sun fito a kafaɗa da ƙafa. Darakta na iya cewa tsaya nan, amma sanin daƙiƙar da za a jinkirta kafin gudu, wannan a jikin ɗan wasa yake. Haka da ma'aikatan gidan marayu suka jefa shi bayan mota: miƙa hannuwan da ya yi, baki buɗe ba sauti, ya fi kowane kukan da aka naɗa daga baya ciwo. Masu kiran wannan neman tausayi da arha ba su lura cewa fim ɗin ya daɗe yana nuna yaron nan yana dafa abinci yana riƙe gida ba.

Abin da ya biyo baya abin takaici ne. Miliyoyin dalolin da ya tara, uwarsa da mijinta suka cinye. Ya kai su kotu a 1938, ya tsira da kusan dala 126,000. Shari'ar ce ta haifar da dokar Kalifoniya ta 1939 mai kare kuɗin yara 'yan fim, wadda har yau ake kira da sunansa. A Yaƙin Duniya na Biyu ya tuƙa jirgi marar inji a Bama.

Ni a ganina zuwan sauti ya cuci yara, don an ɗora musu maganganun manya a baki, jikinsu ya yi shiru. Coogan bai rasa horon farko ba. Da ya fito a matsayin Uncle Fester cikin The Addams Family, daga 1964 zuwa 1966, da sanƙo da ƙwan lantarki a baki, zare ido da noƙe wuya ne ke kawo dariya tun kafin ya furta komai. Ya rasu a 1984.